Wasiƙun da Luned Ba Ta Buɗe Ba

Kwana goma sha ɗaya ban rubuta muku ko layi ɗaya ba, kuma duk na ga saƙonninku. Masu tambayar ko an gama ɗinkin riga, da masu zolayata wai amarya ta fara jan aji tun kafin a ɗaura. Ku yi haƙuri. Duk lokacin da na ɗauki wayar sai in ajiye, yau ma da ƙyar na zauna.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Mared, shekarata ashirin da shida, ina gyaran gashi a wani ɗan shago a garinmu na bakin teku a arewacin Wales. Saura mako uku aurena da Gethin, malamin firamare. Ina da yaya guda ɗaya, Eluned, amma kowa Luned yake ce mata. Ta girme ni da shekara biyar, an haife ta da lalurar Down. Tana gane sunanta a rubuce, tana gane nawa, bayan wannan duk rubutu zane ne a wurinta. Shekara huɗu ke nan tana zaune a ɗakinta na kanta kusa da tashar bas, ma'aikatan taimako suna leƙa ta sau uku a mako. Tana dafa ƙwai, tana wanke kayanta, ta fi ni tsafta nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya nake so ku riƙe game da ita. Luned ba ta iya ce wa mutum a'a. Ka tambaye ta ta ƙoshi, eh. Ka tambaye ta tana jin yunwa, eh. So take ta ga fuskarka ta saki, shi ke nan.

Da mahaifinmu yana raye, Tada muke ce masa, duk Lahadi bayan an taso daga majami'a zai zauna a teburin Luned, ya ɗauki wuƙar shafa man shanu ya farke ambulan ɗaya bayan ɗaya, yana karanta mata a hankali. Da ya rasu shekara uku da suka wuce, aikin ya dawo hannuna. Ba wanda ya ce in yi, ni na ɗauki wuƙar.

Sai Gethin ya shigo rayuwarmu. A farkon Janairu ya raka ni wurinta, ya ga na jawo wasiƙu na fara farkewa ina hira da shi. Ya dube ni ya ce, "Mared, kin tambaye ta kuwa?"

"In tambaye ta me?"

"Sunanta ne a jiki. Shekararta talatin da ɗaya fa."

Ya juya wurin Luned, ya rage murya kamar yadda yake yi wa ɗalibansa. "Luned, duk takardar da ta zo da sunanki, taki ce. Ba mai buɗe ta sai kin yarda."

Da kun ga fuskarta. Ta tattara wasiƙun ta rungume a ƙirji tana cewa, "Nawa ne, Mari. Nawa." Haka take kirana tun ina jaririya. Ba zan ɓoye muku ba, ranar son Gethin ya ƙaru a raina. Na ce ga namijin da ya ɗauki yayata mutum. Kuma a can ƙasan zuciyata na ji daɗin wani abu daban, cewa Lahadina ta zama tawa. Tun daga ranar ban sake tambayarta zancen wasiƙa ba.

Lahadin makon jiya muka je gwada mata rigar biki, ni da mahaifiyarmu, Mam. Riga ce koriya mai duhu, doguwa har idon sawu, da ɗan leshi a wuya da maɓallai goma sha biyu a baya. Tun Fabrairu tela ta auna ta, lokacin har ƙorafi Luned take yi wai ta kama ta a ƙugu. Muna zura mata sai rigar ta sauko tana lilo a jikinta.

Mam ta durƙusa da fil a baki ta ce, "Ke Luned, ina kika kai ƙugun naki?"

"Na yi siriri saboda biki."

"Ji min 'yar gayu. To amaryar ma ba ta yi wannan ƙoƙarin ba."

Muka yi dariya mu uku. Fil ya ƙare, Mam ta ce in dubo wasu. Na ga gwangwanin biskit a saman firji, irin wanda kowane gida ke zuba zare da allura a ciki, na miƙa hannu na sauke.

"Kar ki taɓa, Mari. Nawa ne."

Na riga na buɗe. Babu zare a ciki. Takardu ne a jere tsaf, ta ɗaure su da ribon ɗin gashi. Tallan gidan abinci, katin zaɓe, takardar masu ruwan famfo, duk da sunanta. A tsakiyarsu ambulan uku farare masu tambarin asibiti, ko gefensu ba a taɓa ba.

Ban tambaye ta ba. Da babban yatsa na farke su.

Ta farko ta watan Fabrairu ce. Ashe a duba lafiyar da ake yi mata duk shekara, wanda wata ma'aikaciya ta raka ta a Janairu, likita ya ga jininta ya yi ƙasa sosai, ya tura sunanta babban asibiti a duba hanjinta. Shafi biyu ne cike da ƙananan rubutu, da bayanin inda ake ajiye mota, da lambobin waya har huɗu. Ni da na yi makaranta sai da na karanta sau biyu kafin na gano ranar da ake son ganinta. Ta biyu ta Maris ce, wai tunda ba ta zo ba ga wata rana. Ta uku ta Mayu, ita ce mafi gajarta. Wai tunda sau biyu ba ta halarta ba, sun ɗauka ba ta buƙata, sun cire sunanta daga layi.

Yau muna Oktoba. Ku ƙirga da kanku.

Na ɗago na dubi yayata a tsaye cikin rigar da ta yi mata yawa. Sai a lokacin na ga abin da ido ya daɗe yana gani ban kula ba. Leɓenta ya yi fari, wuyanta ya zurma. Kuka take shirin yi, ba don komai ba sai don na farke mata ambulan.

Mam ta karɓi takardun ta karanta a tsaye. Ta ninke su, ta sa a jakarta, ta koma ta durƙusa tana gyara bakin rigar.

"Mam."

"Na gani."

"A ɗaga bikin nan."

Ta ce wa Luned ta je ɗaki ta cire rigar a hankali saboda fil. Sai da ƙofar ta rufu sannan ta miƙe.

"Ba za a ɗaga komai ba. An raba kati, dangin ubanku sun shirya tahowa. Ni zan kai ta asibiti. Ke ki yi aurenki, ki bi mijinki Cardiff kamar yadda kuka tsara."

"Ta yaya zan tafi in bar..."

"Da ƙafafunki. Mared, shekara talatin da ɗaya ina zaman ɗakunan jira. Na san kalar kujerun kowane asibiti a yankin nan. Ban haife ki don ki gaje ni kujerar ba."

Idonta a bushe yake, amma hannunta ya kasa rufe jakar. Ban san lokacin da Mam ta tsufa haka ba.

Ina fita saƙon Gethin ya shigo: "Mun ci wasan ƙwallo biyu da ɗaya. In taho muku da kifi da dankali? Ki tambayi Luned ko da miyar wake take so."

Na tura masa hoton wasiƙun uku, waɗanda na ɗauka kafin Mam ta karɓe. Na ga ya buɗe. Minti huɗu shiru, sai kira. Na kashe. Ya sake, na sake kashewa. Sai muka koma saƙo, shi ya fara.

"Ɗauki wayar, don Allah."

"Kai ka ce mata kar wanda ya buɗe."

"Ban ce kar a karanta mata ba, Mared. Cewa na yi a tambaye ta."

"Ka zo gidan mutane wata huɗu kacal ka fara koya mana yadda za mu riƙe 'yar'uwarmu."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigon nan uku suna motsi. Daga ƙarshe abin da ya zo shi ne: "Gaskiyarki. Me zan yi yanzu?"

Wannan amsar ta fi ƙona min rai. So nake ya yi musu in samu wanda zan yi faɗa da shi. Na zare zoben baikonmu na jefa a aljihun kwat, ban amsa masa ba.

Washegari da safe na kira asibitinmu na unguwa daga ɗakin Luned. Matar da ta ɗauka ta saurare ni har na gama, sannan ta ce cikin ladabi ba za ta iya yi min magana a kan lafiyar wani ba sai da izinin mai ita. Na miƙa wa Luned wayar.

"Eluned, kin yarda in yi magana da ƙanwarki?"

"Eh."

Shi ke nan ƙofa ta buɗe. Matar ta duba na'ura ta ce ai a rubuce yake, babban asibiti sun kira ta a waya cikin Maris. Sun tambaye ta ko ta samu wasiƙa, ta ce eh. Ko ta fahimta, ta ce eh. Ko za ta zo ranar Talata, ta ce eh. Su ma ma'aikatan da ke leƙa ta dokar aikinsu ce ba sa buɗe wasiƙar kowa sai an roƙe su, kuma wadda ta raka ta a Janairu ta bar aikin tun kafin wasiƙar farko ta iso. Kowa ya yi daidai, kun gane? Kowa ya girmama ta. Na so in kurma ihu a cikin wayar, amma muryar matar ta riga ta canja. Ta ce akwai nas a babban asibiti da aikinta ke nan, kula da masu irin lalurar Luned, za ta nema mana ita yau ɗin nan. Kafin yamma aka ba mu ranar Alhamis.

Kwana ukun da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. A shagonmu akwai ramin wasiƙa a jikin ƙofa, mai murfin ƙarfe. Shekara biyar ina jin ƙararsa ban taɓa kula ba. Yanzu duk lokacin da ya buga sai in waiga. Ina wanke kan wata tsohuwa ya buga, na saki bututun ruwan ya jiƙa mata wuya. In na buɗe durowar kicin na ga wuƙar man shanu, sai in ga hannun Tada, da yadda yake lasar yatsa kafin ya buɗe shafi. Bai bar min wasiyya ba. Da ya bari ma da na ji sauƙi, da na san kalmomin da na karya.

Gethin bai daina turo saƙo ba. "Kin ci abinci?" "Na ɗauki hutu ranar Alhamis." "Ba sai kin amsa ba." Ban amsa ba kuwa. A raina na gama yanke masa hukunci, har na tsara abin da zan faɗa lokacin da zan miƙa masa zobensa.

Ranar Alhamis Luned ta sa rigar sanyinta mai ruwan hoda da takalmin zuwa majami'a, ta ce in yi mata kitso biyu. Nas ɗin ta tare mu tun daga bakin ƙofa. Sunanta Tegwen, mace mai furfura da jan takalmi. Ta wuce ni, ta wuce Mam, ta miƙa wa Luned hannu.

"Ke ce Eluned ko Luned? Wanne kika fi so?"

Yayata ta dube ta da mamaki. Ba a saba ba ta zaɓi ba. "Luned."

Ta kai mu wani ɗan ɗaki da babu hayaniya, ta zauna gefen Luned, ba gabanta ba. Ta ce mana mu biyu, "Ku taimake ni da shiru. Ko ta daɗe ba ta amsa ba, kar ku amsa mata." Mam ta ɗan ɓata fuska, ni kuma kunya ta kama ni, don bakina ya riga ya buɗe.

Awa guda muka yi, ban ji matar nan ta yi tambaya ɗaya da za a amsa da eh ba. Ta shimfiɗa zanen jikin mace, ta ba Luned jan sitika.

"Manna min a inda yake damunki."

Luned ta juya sitikar a yatsunta. Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Can ta manna a gefen ciki na dama, ƙasa da cibiya, ta danna da ƙarfi don kar ta ɓalle.

Tegwen ta jera fuskoki biyar, daga mai dariya zuwa mai kuka. Luned ta tsallake uku ta ɗora yatsa a kan ta huɗu. Mam ta ja numfashi.

Sai ta fito da hotuna huɗu na lokutan shekara. Dutse da dusar ƙanƙara a kansa, 'yan raguna a fili, mutane suna wanka a teku, da ganye a zube a hanya.

"Da ciwon ya fara zuwa, wanne ne a waje?"

Ko jinkiri ba ta yi ba. Ƙanƙara, wato tun hunturu.

Daga nan ta nuna mata littafi mai manyan hotuna, layi ɗaya a kowane shafi, na gwajin da za a yi mata ranar Litinin. Ga maganin da za ta sha cikinta ya wanke, ga gadon da za ta kwanta, ga siririn bututu mai kyamara, ga shayi da biskit bayan an gama. Da ta kai ƙarshe ta rufe littafin ta ce, "To, yanzu ke ki ba ni labarin. Me zai faru ranar Litinin?"

Luned ta faɗa mata tiryan-tiryan, ba ta tsallake komai ba, har ta ƙara da cewa ba ta son biskit mai zabibi. Wata tara, jama'a. Abin da wasiƙa uku da kiran waya suka kasa, 'yan takardu masu hoto suka yi shi cikin awa guda.

Mam ta kasa daurewa. "Malama, gaya min gaskiya. Mun makara?"

Tegwen ta dubi Luned tukuna, sannan ta amsa yadda ita ma za ta gane. "Ba mu san abin da ke ciki ba sai mun duba. Zai iya zama ƙaramin abu, zai iya zama babba. Da mun so ganinta tun lokacin ƙanƙara, wannan ba zan ɓoye ba. Kuma wasiƙar da aka aika mata ba irin wadda ta dace da ita ba ce. Daga yau an sa alama a sunanta, duk takardarta da hoto za ta zo, kuma ni za a kira in ba ta zo ba."

Wayata ta yi motsi a cinyata. Gethin ne. "Ina wurin ajiye motoci. Ba sai kin fito ba, ina nan dai."

Na kife wayar. Tegwen tana cike wata takarda, ta ce saura tambaya ɗaya, don ta san wanda Luned ke kai wa kuka in abu ya dame ta, a rubuta sunansa.

"Luned, da ciwon ya zo, wa kika nuna wa?"

Allah ya sani na shirya jin suna. Ma'aikaciyar da ta tafi, ko wata cikin sababbin, ko shi wanda ke zaune a mota. Har na gyara zama.

Luned ta juyo ta kama hannuna. Ta ja shi a hankali ta ɗora a gefen cikinta na dama, ta danne da nata hannun biyu.

"Mari," ta ce wa nas ɗin. "Ranar riga."

"Wace rana, Luned?" Muryata ce, amma ban gane ta ba.

"A wurin tela. Na sa hannunki a nan. Kika ce in tsaya haka kar in motsa, ya yi kyau."

Babu fushi a maganarta ko kaɗan. Labari kawai take bayarwa, tana jin daɗin ta tuna daidai.

Na ɗauki wayar, na koma baya har Fabrairu. Kun san hoton. Na saka muku shi a nan, na rubuta a ƙasa wai yayata ba ta son rabuwa da ni, kuka yi ta turo min zukata, wata ma ta ce ta yi hawaye. Ni ce a gaban madubi cikin farar riga, mayafi ya sauko min kafaɗa, ina yi wa kyamara murmushi har kunne. Luned tana gefena da koriyar riga mai fil a kafaɗa, ta riƙe hannuna da hannu biyu ta danna shi a cikinta. Ba kyamarar take kallo ba. Ni take kallo, tana jira in gane.

Ban san ina kuka ba sai da na ga ruwa a fuskar wayar. Mam ta leƙo ta gani, ta mayar da kanta gefe. Tegwen ta ajiye bironta.

Luned ta matso ta ɗora haɓarta a kafaɗata, ta dubi hoton tare da ni. Ta sa hannun rigarta ta goge gilashin.

"Kar ki yi kuka, Mari," ta ce. "Ai kin yi kyau ranar."